Iskar da ke Dukan Gwiwar Baba Mamman

Shekara talatin da ɗaya na yi ina shiga ƙarƙashin motocin gwamnati, kuma yawancin ranakun sun cakuɗe sun zama ɗaya a kaina. Amma har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar Talatar da aka miƙo mini biro aka ce in sa hannu a takardar da za ta raba Baba Mamman da aikinsa ba. Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya kafin in miƙa makullin gareji, wannan zan ba ku, don shi ne wanda duk na tuna nake jin ban yi zaman banza a wurin nan ba.

Lokacin ina mataimakin foman a garejin ma'aikatarmu da ke GRA. Ga wanda bai san tsarin ba, foman shi ne shugaban makanikai. Shi ke raba aiki, shi ke cewa mota ta warke ko da saura. Duk motar da ta shigo ana buɗe mata kati, a rubuta abin da ya kawo ta da abin da aka yi mata. In kuwa mota ta jawo magana har ta kai ofishin sama, sai a rubuta rahoto, kuma rahoton ba ya tafiya sai da hannu biyu, na foman da na mataimakinsa.

Fomanmu a lokacin Malam Lawal ne, mutumin Ƙofar Marusa. Shi ya koya mini riƙon sifana tun kafin in san ƙofar gwamnati, shi ya yi mini hanya aka ɗauke ni aiki, shi ya shige gaba ranar da aka je nema mini aure. Ban taɓa kiran sunansa ba, Maigida nake ce masa. Mutum ne da in inji ya yi tari daga bakin get zai faɗa maka abin da ke damunsa, kuma ya san ya iya, ba ya ɓoyewa.

Baba Mamman kuwa direba ne, mazaunin Kambarawa, saura wata bakwai ya yi ritaya. Ƙaramar bas yake ja, wadda ke kai jami'ai duba ayyuka a ƙauyuka. Tsawon aikinsa bai taɓa goga mota da ko bango ba. Ma'aikata na tsokanarsa cewa mai keke ma in ya ƙara ƙwazo zai wuce shi, shi kuma sai ya yi murmushi ya ce ai dai kowa na komawa gida da ƙafarsa. Kullum da safe shi ke riga kowa zuwa. Zai duba ruwa da baƙin mai, ya tayar da mota, ya bar ta tana ɗumama, shi kuma ya zaga gabanta da ɗan tsummansa yana goge fitilu kamar mai wanke wa jika fuska.

A shekarar na ɗauki hutuna na wata guda a farkon bazara. Kafin in dawo abubuwa biyu sun faru. Na farko, bas ɗin Baba ta tafasa a hanyar Daura har gasket ya ƙone, wato ɗan faifan nan da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, wanda ke hana ruwa da mai da wuta haɗuwa. Aka jawo ta, Maigida ya sauke kan injin, aka gyara, aka sa sabon gasket. Na biyu, ba a yi sati biyu ba ta sake tafasa a hanyar Mani, ɗauke da Hajiya Murja, daraktar kula da ma'aikata, da baƙi uku daga wata jiha. Wannan karon Baba ya kashe ta da wuri, inji bai ƙone ba. Amma Hajiya da baƙinta sun yi awa uku a gindin ƙaya cikin ranar Afrilu, a wurin da ba wanda ke son a ce ya tsaya. Washegari aka karɓe makulli daga hannun Baba, aka ba shi takardar tuhuma, wadda muke kira kweri, kan sakaci da dukiyar gwamnati. Aka kafa kwamiti, aka sa ranar Juma'a za a zauna. In kwamiti ya tabbatar da sakaci, kora ce, kuma wanda aka kora ana saura wata bakwai ya san abin da zai sami fanshonsa da sunansa.

Ran Talata na dawo aiki. Ko zama ban yi ba Maigida ya kira ni ofishinsa. Bayan mun gaisa, ya tambayi iyali da hutu, sai ya turo mini takarda.

"Sada, ga rahoton motar Mamman nan. Karanta ka sa hannu, Hajiya na jira."

Na karanta. Abin da ke ciki bai wuce layi biyar ba: an duba mota, ba a sami matsala a inji ko hanyar ruwa ba, laifin daga tuƙi ne ko rashin kula.

Na ce, "Maigida, a ba ni kwana biyu in leƙa ta."

"Ka leƙa mi? Awa guda cur na bar ta a silo, tana tsaye inji na aiki, nan cikin gareji, da rana tsaka, allurar zahin inji ko motsi ba ta yi ba. Motar ga lahiyarta lau. Mamman ya tsuhwa ne kawai, mantuwa ta kama shi."

"Ba musu nake ba, Maigida. Kai ka hana ni sa hannu kan abin da ban taɓa da hannuna ba."

Ya kalle ni ta saman tabarau, ya ce, "To, je ka taɓa."

Ni mutum ne mai taurin kai, wannan kun sani, matata ma ta sani. Amma ranar ba taurin kai kaɗai ba ne. Raina ne ya ƙi yarda cewa mutumin da ke goge fitila kullum safiya zai manta da ruwan lagireto.

Ran Laraba da sassafe, kafin kowa ya tayar da ita, na fara. Zafin inji ana binsa ne daki-daki, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kuma inji na sanyi ake farawa, don wanda ya buɗe marfin lagireto mota na tafasa ya san yadda fatar fuska ke saɓulewa. Na buɗe marfin, ruwa cike. Na duba robar marfin, lafiya lau, tana riƙe iska. Na zaro sandar mai, baƙin mai bai yi fari-fari kamar an zuba masa madara ba, wato ruwa bai shiga cikinsa ba. Na duba ƙasa, babu ɗigo. Na tayar da ita marfi a buɗe, na tsaya ina kallon ruwan. Da gasket na yoyo da na ga kumfa na tasowa, ban gani ba. Salansa ba ta fitar da farin hayaƙi. Na taka mata wuta, ruwa na gudu sosai, alamar famfon ruwa na aiki. Na matsa tiyon sama da na ƙasa, ba wanda ya yi laushi ko yake tsukewa. Da ta ɗumama na kashe ta, na bi jikin lagireto da tafin hannu lungu-lungu, don lagireton da ya toshe za ka ji wani wuri zafi wani wuri sanyi. Ɗuminsa ɗaya ne daga sama har ƙasa.

Abu biyu na lura da su, kuma duka biyun ba su ba ni mamaki ba. An cire tamostat, kuma an haɗa fanka dairek. Ku da kuka shigo aiki bayanmu ba ku tarar da wannan al'adar a nan ba, amma a da duk shigowar bazara haka ake yi wa motocinmu, kamar yadda ake yi a kusan kowane gareji a garin nan. Tamostat ɗan murfi ne a hanyar ruwa, yana tsare ruwan har inji ya ɗumama sannan ya buɗe. Mu kuma muka ce ai wannan na ƙasashen sanyi ne, mu da muke Katsina me za mu yi da abin da ke tsare ruwa? Sai mu cire mu jefa a kwali. Fanka kuma tana da abin da ke tayar da ita in zafi ya kai, ya kashe ta in ya sauka. Shi ma ba mu yarda da shi ba, sai mu tsallake shi mu haɗa waya kai tsaye, da an murɗa makulli fanka ta kama ihu har a kashe mota. Ni kaina na yi wa motoci fiye da yadda zan iya tunawa, ina yi ina jin na yi gwaninta.

Fankar bas ɗin na juyawa da ƙarfi, ƙararta har ofis ana ji. Ban ma tsaya a kanta ba, saboda abin da aka koya mana, kuma gaskiya ne: motar da ke zafi a cunkoso ta huce a kan hanya, fanka ake zargi. Wadda ke zafi a kan hanya kuwa, ba ruwan fanka, don iskar gudu ta ishe ta. Ita wannan a kan hanya take tafasa. Na bar ta a silo awa guda da rabi, na ƙara a kan na Maigida, allura na zaune daram ƙasa da tsakiya. Har azahar ban sami komai ba. Na wanke hannu raina a jagule, don duk abin da na duba yana cewa Maigida ne ke da gaskiya.

Ina sallar la'asar wani tunani ya faɗo mini, Allah ya yafe mini. Na jawo katin motar na sake dubawa. An rubuta abin da aka samu, an rubuta abin da aka yi, amma gurbin da ake rubuta abin da direba ya ce babu ko ɗigon tawada, duka sau biyun. Na hau babur na nufi Kambarawa.

Na tarar da Baba Mamman zaune kan tabarma a zaurensa, da carbi a hannu, sanye da rigar da yake zuwa aiki da ita. Sati guda kenan ba ya zuwa ko'ina amma kullum sai ya sa ta. Ya rame. Muka gaisa, ya tambayi gida da yara da mahaifiyata, na tambayi nasa, ya sa aka kawo ruwa. Sai da muka gama duk wannan na ce masa zuwa na yi ya faɗa mini yadda motar ke yi.

Ya ce, "Malam Sada, ka san kai ne na hwarko da ya tambaye ni yadda take yi? Kowa don mi yake tambayata. Don mi ka ƙona mota, don mi ka bar Hajiya a rana."

"To ni yadda take yi nake so, Baba. Kada ka rage komai."

"Cikin gari lahiya lau take. Ko kasuwa ta ci a hanya, muna tahiya kamar masu rakiyar gawa, allura na ƙasa. Da na hita gari na sami hanya na ɗan sake ta, ba gudu ba hwa, ka san tuƙina, sai allura ta kama hawa. In na shiga ƙauye na rage, ta sauko. In na hita, ta hau. Na hwaɗa ma Foman tun karon hwarko, ya ce ba a taɓa yin haka ba in dai da ruwa a ciki."

"Yaushe ta fara?"

"Tun da aka yi mata aikin bazara. Ranar ma aka sake mata hwanka, tsohuwar ta gaji. Sabuwar kam akwai ƙarhi, ba a magana. In na tsaya gabanta da sahe ina goge hitila, har rigata take kaɗawa, iska mai ɗumi na dukan gwiwata. Na ce kai, wannan hwanka ta hi ta da."

Na ajiye kofin ruwan da ke hannuna. Na ce ya maimaita. Ya maimaita, yana kallona kamar ya faɗi abin da bai kamata ba.

Fanka ba ta hura iska waje. Aikinta ta zuƙo iska daga gaba, ta ratsa lagireto, ta wuce baya wajen inji. Wanda ya tsaya gaban mota bai kamata ya ji iska na dukansa ba, sai dai ya ji tana jan rigarsa. In har tana dukan gwiwar Baba, to fankar baya take juyawa. A tsaye ba za ka gane ba, don ko ta wane gefe iska ta ratsa lagireto tana ɗan sanyaya shi. Amma da mota ta hau hanya, iskar gudu na turowa ciki, fanka na turowa waje, sai su tokare juna, lagireto ya zauna a tsakiya ba iskar da ke ratsa shi. Ni da Maigida mun duba motar nan, dukanmu daga gefe, mun sunkuya kan inji, ƙarar fanka ta cika mana kunne. Ba wanda ya zaga gabanta sai mai goge fitila.

Ran Alhamis da safe na ɗauko Baba a babur muka zo gareji. Na tayar da bas, na zaga gaba, tun kafin in sunkuya na ji ɗumin a ƙafata. Na laluba aljihu ina neman takarda, ban samu ba. Baba ya sa hannu a aljihun rigarsa ya zaro wata a ninke ya miƙo mini. Kwerin ce, da hatimin ofis da komai, tun ranar da aka ba shi yake yawo da ita. Na warware ta na ɗora a kan ragar gaban mota na saki. Maimakon ta manne, sai ta yi sama ta faɗi can kusa da ramin duba mota. Baba ya bi ta ya ɗauko yana kakkaɓewa, ni kuwa dariya ce ta kama ni, irin wadda ke zuwa da ƙwalla.

Dariyar ba ta daɗe ba. Na kashe mota na bi wayar fankar. Fanka ce ta hannu, soket ɗinta bai dace da na motar ba, sai aka yanke shi aka haɗa wayoyin kai tsaye. Wayoyin biyu duk sun yi baƙi don tsufa, ba ka bambance su, kuma irin wannan fankar in ka juya mata waya sai ta juya baya. Kuskure ne da kowa zai iya yi. Amma a kan mahaɗin, bayan salatif, an naɗe da siririyar robar tayar babur an ƙulle bakinta sau biyu. Mutum ɗaya ne ke irin wannan ɗaurin a garin nan, sai kuma ni da ya koya wa.

Ban taɓa wayar ba. Na rufe bonet, na kulle motar, na sa makullin a aljihu. Ban yarda in yi maganar a gareji gaban mutane ba. Da aka yi la'asar na tafi Ƙofar Marusa, na same shi a ƙofar gida. Na durƙusa na gaishe shi kamar yadda na saba tun ina saurayi, muka shiga zaure, na faɗa masa komai, tun daga gwiwar Baba har ɗaurin roba. Ina magana ina kallon tabarma.

Da ya buɗe baki muryarsa ta yi ƙasa.

"Gobe da sahe ka juya wayar. Ni zan shiga wurin Hajiya in roƙar ma Mamman, a bar shi da gargaɗi kawai. Ba za a kore shi ba, na yi maka alkawari. Shi kenan kowa ya huta."

"Maigida, gargaɗin a fayil ɗinshi zai zauna. Shekara talatin da wani abu ba a taɓa rubuta mashi komai ba. Kuma bai yi komai ba."

"Ni kuma hwa? Shekara nawa na yi? So kake a ce Lawal bai san gaba da bayan hwanka ba?"

"Wallahi da zan iya cewa ni na haɗa, da na ce. Kowa ya san ina hutu."

"Ni na koya maka aikin ga, Sada."

"Shi ya sa na zo nan kafin in je ko'ina."

Ya ce in tashi in ba shi wuri. Na tashi. Na kama hanyar gida ina ganin na rasa uba, kuma ban da tabbacin ma kwamiti zai saurare ni.

Ran Juma'a ƙarfe tara kwamiti ya zauna, Hajiya Murja ce shugaba, da mutum biyu daga ofishin mulki. Baba na zaune a kujerar gefe, hularsa a daidaice. Kujerar Maigida babu kowa. Hajiya ta ɗaga rahoton ta ce, "Malam Sada, hannu ɗaya nake gani a nan. Ina naka?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, ina roƙon alfarma. A sauko gareji minti biyar, akwai abin da baki ba zai iya bayani ba."

Hajiya ba ta son wasa da lokaci, kuma har ranar ba ta huce da awa ukun nan ba. Ta kalli agogo ta ce minti biyar ɗin ne kuwa. Muka sauka. Na tayar da bas, na karɓi kwerin daga hannun Baba, na zaga gaba. Ina shirin sunkuyawa na ji an riƙe mini hannu. Maigida ne, cikin kakin aikinsa, ban san lokacin da ya shigo ba. Ya zare takardar daga hannuna, ya ce, "Matsa."

Shi da kansa ya ɗora ta a kan ragar ya saki. Ta tashi ta faɗi a gaban takalmin Hajiya. Ya kashe mota, ya buɗe bonet, ya warware ɗaurin robarsa, ya juya wayoyin, ya sake tayarwa. Ya ɗauko takardar ya sake ɗorawa. Ta manne ƙam a jikin ragar, ba ta ko motsi. Sannan ya juyo ya yi wa kwamiti bayani, tsaf, yadda ni ba zan iya ba, ya ƙare da cewa, "Hajiya, hannuna ne ya haɗa wayar ga. Mamman ya hwaɗa mani yadda take yi tun karon hwarko, ban saurare shi ba. Ba shi da laihi ko ɗaya. Sada ne ya gano, ni ban gano ba."

Baba Mamman ya juya baya yana gyara hular da ba ta karkace ba. Ni kuwa a ranar na san wanda ya koya mini aiki ba ƙaramin mutum ba ne, kuma ban taɓa alfahari da shi kamar lokacin ba.

Hajiya ba ta yarda da takarda kaɗai ba, kuma ta yi daidai. Ta ce a gwada a kan hanya. Na nemi awa guda, na lalubo tamostat ɗin motar a kwalin da muke jefa su, na gwada shi a ruwan zafi na ga yana buɗewa, na mayar. Mai wayarin ɗin garejinmu, wato mai gyaran wutar mota, ya mayar da fanka kan tsarinta na asali. Bayan an sauko daga masallaci Hajiya ta miƙa wa Baba makulli da hannunta, ta shiga gaba, ni da Maigida muna baya. Muka kama hanyar Mani cikin zafin nan na ƙarfe uku. Idon Hajiya na kan allura tun daga GRA. Ta hau zuwa tsakiya ta tsaya, ba ta ƙara ko kaɗan ba. Da muka zo daidai ƙayar da suka sha rana, Baba ya rage gudu ya ce, "Hajiya, ko a tsaya a gaida wurin?" Ta ce, "Baba, don Allah wuce." Karo na farko kenan da na ji dariyarta.

Aka janye tuhumar, aka cire ta daga fayil. Maigida ne ya karɓi tasa kwerin, ya amsa ta da layi biyu, aka yi masa gargaɗi. Kusan wata biyu in na gaishe shi sai ya amsa a taƙaice, ni kuma ban fasa durƙusawa ba. Ranar da ya sake, ba wani jawabi ya yi ba. Wata mota ce ta shigo da zafi, ya kira ni ya ce, "Sada, je ka ji ta bakin direban, kai ka iya wannan." Da bazara ta zagayo shi ya hana cire tamostat da haɗa dairek a garejin nan, kuma shi ya kafa dokar da kuke ƙorafi a kanta yau, cewa ba a buɗe bonet sai an cika gurbin direba a kati.

Baba Mamman ya cika wata bakwai ɗinsa a bayan sitiyari. Ranar ƙarshe ya zo da sassafe kamar kullum, ya duba ruwa da mai, ya tayar da bas, ya goge fitilu. Da ya gama ya kai makulli ofis da ƙafarsa, ba wanda ya karɓe masa. Sannan ya biyo ta wurina ya zaro kwerin nan daga aljihu, duk ta yi layi-layin ƙurar raga, ya ce, "Malam Sada, riƙe. Ni ta gama mani aiki, kai kuwa kana gwaji da ita."

Abin da na koya shi ne, mu mun san inji, amma direba ne ya san motarsa. Mu awa guda muke yi da ita a inuwa, shi yana wuni da ita a rana, kuma sau da yawa abin da muke nema yana bakinsa, bai dai san sunansa ba. Na kuma koyi cewa hannun da kake sawa a rahoto, wani lokaci abincin gidan wani ne da mutuncinsa a ƙarƙashin biron. Sannan gwanin gaske yana kuskure kamar kowa, bambancinsa shi ne yana iya tsayawa gaban mutane ya ce hannunsa ne.

Maigida da Baba duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Takardar tana durowa ta biyu a teburina, cikin leda. Zan bar ta tare da makulli ga wanda zai gaje ni. Kada wanda ya ga ta tsufa ya yar, ko satin da ya wuce da ita na gwada fankar motar akanta.